Ɗakin da muka ajiye ka a Alƙahira

Assalamu alaikum, Haruna.

Bayan gaisuwa mai yawa, na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma, da ka juya ta sau biyu ka ce rubutuna ya fi ƙarfinka, ka miƙo mini in karanta maka da bakina. Yau kwana arba'in ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ba ni da wanda zan faɗa wa a duk unguwar nan ta Ainu Shams sai kai.

Bari in fara da labarai, tunda kai ba ka son a tsallake su. Ɗakinmu yana nan yadda ka bar shi. Na naɗe katifarka na jingine ta a bango. Har yanzu in na ɗora wake sai in ga na auna na mutum biyu, in ci rabi, rabin ya kwana. A wurin yankan marmara, mai gidanmu, wanda suke kira mu'allim, ya dafa kafaɗata ya ce ma'alish, wato sai haƙuri, washegari ya sa wani a kan injinka. Ƙurar da ta cinye maka ƙirji tana nan, mu ma muna nan muna shaƙa. Lokacin cin abinci ma'aikata 'yan ƙasar suna zagaye tirensu a inuwa, ni ina bayan tankin ruwa inda muka saba zama shekara bakwai. Yaran layinmu ba su daina kira na samara, wato baƙar fata, ba. Kai ne mai ɗaga musu hannu kamar gwamna ya zo rangadi. Ni ka san halina, haɗiye fushi nake yi in wuce.

Daga gida, an sami ruwa bana. Ƙanwarka Hadiza ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Fadamar babanku kuwa, yayanka Sule ya ba wani aro, ya zuba shinkafa.

Tunda na ambaci fadamar, bari in faɗa maka abu na farko da na ɓoye. Na fi shekara uku da daina yarda za mu yi lambun nan. Duk sanda muka matsu a kujerar baya ta ƙaramar bas, ka zungure ni ka ce in sake lissafo maka, nakan lissafo: albasa daga bakin ruwa, tattasai a tsakiya, gwaiba a jikin shinge, da rumfar da za mu kwanta da azahar ba mai yi mana tsawar yalla yalla, wai mu yi sauri. Da baki kawai nake faɗa. Kai kuma sai ka lumshe ido, kana gyara mini wai gwaibar ta yi kusa da rijiya. Ka gane ban yarda ba, ka ƙyale ni? Ko kuwa har ka tafi kana ganin za mu je?

Babbar maganar ita ce ta Inna, mahaifiyarka. Tun ranar sadakar uku take aiko mini da saƙon murya a wayar Hadiza, abu ɗaya take roƙo, in turo mata hoton kabarinka. Ta ce tunda ba ta ga gawarka ba, ko tudun ƙasar ta gani hankalinta zai kwanta. Tana tambaya ko mun sami itace mai kyau mun jera, ko mun liƙe da laka sosai, ko akwai bishiya kusa.

Haruna, ba ka da tudun ƙasa. Bari in gaya maka yadda aka yi, tunda kai ba ka gani ba.

Ranar da za a kai ka, na ari shebur da diga a wurin aiki, na saɓo su a kafaɗa har cikin mota. A zatona ni zan haƙa maka, uwa da 'ya, yadda muke yi a gida, don ban yarda wani ya yi maka aikin gaggawa ba. An yi maka sallah bayan azahar. Ɗalibai 'yan Kano da Zariya wajen goma sha biyar sun zo, Allah ya saka musu, yawancinsu ba su ma san ka ba. Da muka isa maƙabartar sadaka, inda ake kai baƙi da marasa gata, sai na ga gini da ƙofar ƙarfe. Mai gadin wurin, wanda suke kira turabi, ya dubi digar da ke hannuna, ya dube ni, ya ce in ajiye a gefe, an riga an buɗe tun safe. Na rasa inda zan sa kaina don kunya.

A nan ba a haƙa wa mutum nasa. Duwatsu ake ɗagawa, sai ga matakala ta gangara cikin ƙasa, a ƙarshenta ɗaki ne mai yashi, na maza daban, na mata daban. Ni da turabin muka sauka da kai. Akwai mutane kwance a jere cikin likkafani, wasu sun daɗe, wasu sababbi. Ya nuna mini gurbi a jikin bango, na kwantar da kai ta gefen dama, na fuskantar da kai gabas ɗinsu na nan, na sassauta ƙullin. Ban zuba maka ko tafi ɗaya na ƙasa ba. Muka hau, aka mayar da duwatsun, aka yayyafa ruwa, ya ce khalas, wato shi ke nan. Na koma da shebur ɗin a bushe.

Yaya zan faɗa wa tsohuwar da ba ta taɓa wuce Haɗeja ba cewa an ajiye ɗanta a ɗaki tare da mutanen da bai sani ba? Sai na dinga ce mata kyamarar wayata ta lalace.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Makon jiya, bayan an tashi aiki, na zaga bayan katanga inda ake zubar da yashi, na tara tudu daidai tsawonka, na jera farfasassun marmara a gefe, na ɗauki hoto. Ya yi kyau ƙwarai, ba mai cewa ba kabari ba ne. Kwana biyar hoton yana wayata. Sau nawa na buɗe lambar Hadiza na rufe. Abin da ya hana ni, na tuna Inna za ta riƙa kallonsa tana karanta maka Ƙulhuwallahu, alhali ba kowa a ƙarƙashin yashin. Shekara bakwai muna ce mata muna karatu da ɗan aikin ofis, ta yarda. Wannan kam na kasa ƙara mata.

Jiya Juma'a na goge shi. Na hau mota na je maƙabartar, na ɗauki hoton ƙofar ƙarfen yadda take, da tsatsarta da kwaɗonta, na tura. Sannan na kira, Hadiza ta miƙa mata wayar, na faɗa mata komai, har da digar. Ta cikin wayar ina jin awakinku suna kuka a tsakar gida. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Da ta buɗe baki, tambaya ta yi, mutum nawa ne a ɗakin. Na ce na ƙirga tara ban da kai. Ta tambaya ko Musulmi ne, na ce duk an yi musu sallah. Sai ta ce in koma wurin mai gadin in samo mata sunayensu.

Na koma yau da safe. Turabin ya ce uku kawai ya sani, sauran an kawo su ba suna, ba dangi. Na faɗa mata haka. Ta ce ba komai, in karanto mata ukun a hankali ta haddace, sauran shidan Allah ya san su. Ta ce tunda su ne maƙwabtanka har tashin kiyama, kuma wataƙila ba su da uwa mai tunawa da su, daga yau duk asuba ku goma za ta riƙa yi wa addu'a.

To ka ji, Haruna. Ina kewarka ƙwarai, ban iya faɗa maka irin wannan ba kana da rai. Allah ya jiƙanka, ya haskaka ɗakin nan, ya jiƙan na kusa da kai. Ka yafe mini.

Sai mun zo.

Abokin zamanka,
Badamasi