Ruwan Nan Dawowa Yake Yi

Kotonu, damanar 1938

Inna Zinariya,

Ina gaishe ki, da Hasana, da mutanen Tama duka. Ya gero? Mu lahiya lau, kar ki damu.

Sai dai tekun da na yi ta mafarki ba haka take ba. Baba ya zuba ruwan jimar fatu a gaɓa, yadda ya saba a gida, inda ruwan kwari ke tahiya da shi. Inna, nan ruwa dawowa yake yi. Kihi sun mutu, masunta sun ba mu kwana bakwai mu share ko mu tashi. Yau kwana biyar ina kwasa da ƙwarya, hannuwana sun tsattsage, wari bai ragu ba.

Ki sa mu a addu'a. In aka tashe mu, ban san inda amsarki za ta iske ni ba.

Ɗiyarki,
Fatsima