Kiran da Na Sayar

Ni Wanphrang, wanda a da ake yi wa kirari da Tsawar Shillong, ina rubuta wannan da hankalina garau. Maƙogwaro ne ya tafi, kai yana nan. Likita ya ce da wuya in ga damina, ni ma na ji a jikina. Kyrshan da Daphi, 'ya'yana, ku karanta tare, ko da ba kwa ga maciji.

1. Gida ba nawa ba ne balle in raba. Na mahaifiyarku ne, bayanta kuma na 'yar auta, kamar yadda muka gada. Daphi, kada ki rufe wa yayanki ƙofa. Kyrshan, ka daina fushi da abin da ya girmi kakanka.

2. Jar gitata ta Kyrshan ce. Shekara talatin da ɗaya ina dukanta ina ihun waƙar rok irin ta Turawa, daga Guwahati har Kathmandu. Ka rataye ta ko ka sayar, amma kada ka nemi abinci da ita. Ni na nema, ga yadda na ƙare.

3. Wannan ce ke ci mini rai. Ku a birni aka haife ku, ba ku da kira. A ƙauyenmu uwa ke tsara wa jaririnta 'yar waƙa marar kalmomi, da ita take kiransa daga gona, shi kaɗai ke amsawa, in ya mutu a bar ta ta bi shi. Ni kuwa, da rawar kan ƙuruciya, na ɗora tawa a kan gita da ganguna, na sayar wa wani kamfanin faifai. Ita ta yi mini suna, har motocin haya ta shiga.

Na je gida ina taƙama. Mahaifiyata ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Jiya na kira ka a kasuwa, direbobi uku suka amsa suna dariya. To, wanne ne nawa?" Daga ranar Wanphrang take ce mini, kamar malamin makaranta, har ta rasu. Sau huɗu ina roƙon kamfanin su janye waƙar. Suka ce, "Haba malam, da hannunka ka sa hannu, wa ya murɗe maka wuya?"

4. Banshai, mai gangar tsohuwar ƙungiyarmu ta waƙa, zai zo yana hawaye, ya ce sai an kaɗa waƙar nan a jana'izata don ita jama'a suka sani. Ku ba shi shayi, ku hana shi. Rigimarmu ta wargajewar ƙungiya ta ƙare, na yafe, shi ma ya yafe mini.

5. Daphi, kafin ki haihu, ki je ƙauye wurin gwaggonki Iaineh ta nuna miki yadda ake tsara kira. Ban sa rai ba, hanya da nisa, ita kuma ta tsufa.

Na san hana Banshai ba zai hana kowa ba. Za a binne ni, a ci gaba da kirana a tasha da kantuna, babu mai amsawa. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe juna da kyau, don nan gaba kaɗan ku biyu ne kawai za ku san wa ake kira.