Had-dis Ɗin Da Ya Ƙi Fita

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina nan tafe idan na samu kaina.

Yaya, na gaji. Ba gajiyar karɓar gaisuwar rasuwa ba, wannan ta lafa. Ofishin su baban yara ne suka aiko a mayar musu da kwamfutarsu kafin ƙarshen mako. Ban ga laifinsu ba, kayansu ne. Tana nan kan teburin ɗaki a kunne, yadda ya bar ta ran da ya fita bai dawo ba, jone da baƙin had-dis ɗin nan nasa mai kama da sabulu. Shi wannan namu ne. Duk hotunanmu suna ciki, tun daga haihuwar babbar har muryarsa yana koya wa ƙaramin ƙirga. Ba mu da su a ko'ina sai nan.

Kin san halin mutumin. Ko filash na zare da gaggawa sai na sha wa'azi, wai ba a fita sai da sallama. A danna alamar nan ta ƙasa, a jira kwamfuta ta ba da izini, in ba haka ba wata rana a wayi gari komai ya goge. To, na danna har yatsana ya yi tsami. Amsa ɗaya take ba ni, wai ana amfani da shi. Wa ke amfani da shi, fisabilillahi? Duk abin da idona ya gani na rufe.

Ƙaninsa ya zo ya ce in fizge kawai, shi kullum haka yake yi. Na ce masa ai shi ya sa ba shi da hoton ɗansa ko ɗaya. Mai gyaran kwamfuta kuma ya ce min a waya in kashe ta gaba ɗaya sannan in cire. Na san gaskiyarsa, amma Yaya, hannunsa ne ya kunna ta. Na kai yatsa na kasa. Yanzu kowa gani yake na zauce, ina gadin kwamfuta kamar mai jinya, da an ɗauke wuta sai in tsare batir da ido kada ya ƙare.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan jikin Inna da sauƙi. Saƙonki ya iso, faɗan ma ya iso, na kuma sha.

Jiya na ɗora kwamfutar a buɗe da had-dis ɗin a kan faranti, kamar mai kai wa baƙo ruwa, na taka a hankali har shagon mai gyara. Ya ɗan lalaba can ƙasa, ya ce akwai wani bidiyo da aka tsayar ba a rufe ba, ya ɓuya, shi ke riƙe da had-dis ɗin. Yana buɗewa sai ya kau da kai, ya tashi ya ba ni kujerarsa.

Ni ce a bidiyon, ina kicin, ɗankwali a karkace, ina yi wa baban yara masifa ya daina ɗaukata, shi kuma yana bayan waya yana ƙyalƙyala dariyar nan tasa. Ashe abin da yake kallo ke nan da safiyar ranar, ni kuwa ina banɗaki ina yi wa ƙaramin wanka, ban ma ji fitarsa ba.

Na kalla har ƙarshe, na rufe da hannuna, na danna alamar. Nan take ta ce a cire lafiya. Mai gyara ya gwada a tasa, hotuna suna nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Na mayar wa ofis kayansu.

Ya kamata in yi murna, Yaya, amma wallahi haushinsa nake ji. Shekara da shekaru yana min wa'azin ba a fita sai da sallama, shi kuma ya zura takalmi ya fita, ko leƙo banɗakin bai yi ba.

Ki gaishe min da Inna da yara.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta