Suna Ashirin da Uku a Rajista

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Inna tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Na rubuto ne in sanar da ke cewa hukumar ilimi ta janye. Jiya takarda ta iso ofishina: ba za a rushe makarantarmu a gina kantuna ba. Yara ɗari shida za su ci gaba da karatu a inda suke. Ashe kwana goma sha biyun da muka yi zaune a kan tabarma a ƙofar hukuma, ba jifa ba zagi, ba su tafi a banza ba. Na tara malamai ina karanta musu takardar, sai na ga sabuwar malama a kujerarki, na kasa ƙarasawa.

Wata bakwai ke nan da aka sallame ku daga aiki, kuma ba kya ɗaga wayata. Shi ya sa na koma ga takarda. Ki amsa mini ko da layi biyu ne.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya Shugabar Makaranta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Layi biyu kika ce, amma ki yi haƙuri, bakina ya cika.

Barka da nasara! Ni ina nan a falo da keken ɗinki, ina ɗinka wa 'ya'yan mutane kayan makaranta. Shekara goma sha huɗu ina koyar da lissafi, yanzu ƙugun wando nake aunawa.

Tunda kin manta, bari in tuna miki. Ke kika zo har ɗakina kika ce, "Auta, fito, zama kawai za mu yi, wa zai taɓa mai zama?" Na fito. To wace irin zanga-zanga ce ake kiran suna kowace safiya? Ke kaɗai a duniya! Kin zo da rajista mai baƙin bango, kin ja layi da rula, ga suna, ga lokacin isowa, ga sa hannu. Har malamin tarihi kika yi wa jan biro don ya makara da minti goma. Muna ta dariya, muna cewa Yaya ko a lahira sai ta kira suna.

Ran da wasu zauna-gari-banza suka fasa gilashin motar daraktan hukumar aka ce mu ne, sai kika ɗauki rajistar nan da hannunki kika kai masa, wai ya ga mu malamai ne masu tarbiyya. Haba Yaya! Suna ashirin da uku kika kai, takardar kora ashirin da uku ta fito. Ko wahalar bincike ba ki bar musu ba.

Ga abin da ya hana ni ɗaga wayarki. Mu malamai ashirin da huɗu ne a kan tabarmar nan. Me ya sa ke kaɗai kika tsira? Mutane suna cewa sayar da mu kika yi. Ina musa musu a waje, in dawo gida in rasa abin da zan gaya wa kaina.

Ki gaida Inna.
Auta

Auta, ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma ban ga ƙarya a ciki ba sai zancen sayarwa.

Wallahi ban sayar da kowa ba. Abin ya fi haka wauta. Shekara talatin ina kiran rajista, kuma mai kira ba ya rubuta kansa. Ban taɓa sa sunana a cikin ta aji ba, hannuna bai sa shi a wannan ba. Ban ma lura ba sai ranar da takardunku suka zo, na tsaya ina jiran tawa.

Washegari na koma wurin darakta na ce ni ce shugaba, a haɗa da ni. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, mu da abin da ke rubuce muke aiki." Har ya gode mini da haɗin kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, shi ya sa ban gaya wa kowa ba.

Na yi zaton in mutum ya nuna hannunsa babu dutse, za a saurare shi. An saurara kam, da iyaye suka fara zuwa suna zama tare da mu, amma ku aka sa kuka biya. Na rubuta takardar neman a mayar da ku sau biyar, shiru. Yanzu na rubuta ta ajiye aiki, tana cikin jakata.

Ina nadama, Auta. Ki gaya mini gaskiya: da kin san ƙarshen, za ki fito?

Allah Ya huci zuciyarki.
Yayarki

Yaya,

Gaisuwa. Na yarda da ke, don wannan wautar taki ce sak, ba wanda zai iya ƙirƙiro ta.

Ki yaga takardar da ke jakarki. Barinki aiki ba zai mayar da ni aji ba, sai dai Inna ta samu 'ya'ya biyu a zaune.

Kin tambaye ni ko zan fito. Zan fito. Yara ɗari shida ba wasa ba ne, kuma jiya uku daga cikinsu suka zo awo, suka durƙusa suka ce mini Malama. Sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Amma kada ki zo tukuna. Na yafe miki a takarda, ban san ko zan iya ba in na ga fuskarki.

Ƙanwarki,
Auta