A Aiko Mana da Kaset na Ƙarshe

Zuwa ga Hajiya Mariyama, shugabar ƙungiyar iyayenmu mata mazauna Paris da Lyon, a Montreuil.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Alhaji da dukan mutanen gida, kuma ina fatan sanyin bana bai tayar muku da ciwon gwiwa ba kamar na bara.

Hajiya, da neman gafara zan fara. Na san ban kai in rubuta muku ba, balle in roƙi a karanta takardata a gaban taro. Ni ce Balkisa, 'yar Malam Sani da Inna Rakiya, ta Minguettes a Vénissieux, wadda kuke kira "tafintarmu" idan kun bugo tarho. Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Duk zuwan da kuka yi Lyon na yi niyyar yi muku magana, sai in kawo ruwa, in durƙusa in gaishe ku, in fita ban ce komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Na roƙi a karanta a taro ne domin a taro aka yanke maganar, kuma ba ni kaɗai ta shafa ba.

Na farko, godiya. Ba mu manta ba ku kuke ɗaukar mana a kaset fim ɗin nan na Ingila mai kashi-kashi, na mutanen dā masu dogayen riguna da keken doki, saboda tashar da ke nuna shi ba ta shigo gidajenmu ba. Malam Isuhu direban babbar mota yake kawo kaset ɗin cikin ƙunshin kuka da daddawa na kasuwar Château Rouge, har manyetonmu, na'urar kunna kaset, ya kama warin daddawa. Duk Lahadi bayan azahar matan benenmu suna taruwa a falonmu. Ni nake zama ƙasa kusa da tele, in tsayar da fim, in mayar da Faransanci Hausa, in sake kunnawa.

Ban taɓa jin nauyin aikin nan ba, domin a lokacin ne kawai nake ganin Inna tana dariya har ta share hawaye. Sun raɗa wa kowa suna. Budurwar da ke sunkuyar da kai ita ce 'Yar Kunya. Tsohuwar da ta riƙe ta ita ce Gwaggo Mai Sanda. Maƙwabciyarmu Tanti Hadiza ba ta barin komai ya wuce. Da wani ya zo neman aure hannu biyu, cewa ta yi: "Ko goro babu? Da hula kawai ya zo?" Da aka jera cokula a tebur, ta ce cokali ya fi abincin yawa. Inna kuwa, da yake aikin goge ofisoshi take yi, idonta kullum yana kan masu aikin gidan. Ta ga yarinya tana wanke matakala daga ƙasa zuwa sama ta ce: "Allah sarki, ba wanda ya koya mata. Wannan sai ta yi aiki biyu." Idan saurayi ya fara maganar soyayya, kunya ba ta barina in faɗa a gaban iyaye, sai in ce yana gaishe ta. Rannan Tanti Hadiza ta dube ni ta ce: "Balkisa, gaisuwar nan dai ta yi tsawo." Na faɗi wannan ne don ku san ba fim ɗin nake ƙi ba.

Na biyu, maganar rakiya. A wani kashi 'Yar Kunya ta so zuwa gari, sai Gwaggo Mai Sanda ta buga sandarta a ƙasa ta ce 'yar gidan mutunci ba ta fita sai da babbar mace a gefenta. Da bakina na fassara. Ni na ce "rakiya". Sai Tanti Hadiza ta ce: "Ashe har Turawa sun san rakiya. To mu me muke jira?" Na ɗauka raha ce ta wuce. Ashe a Montreuil ma haka aka ji kashin. A taron da ya biyo baya kuka yanke cewa daga yanzu 'yan matanmu ba za su shiga metro ko bis ba sai da babbar mace, ban da hanyar makaranta. Kuka bugo wa Inna, Inna ta faɗa wa Baba. Baba ya ce abin da Hajiya ta yanke shi ke nan.

Kun san dalilinsa. Ku kuka karɓi Inna a Montreuil ranar da ta sauka ƙasar nan da ni a goye, ba ta san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba. Ku kuka saya mata rigar sanyi ta farko. Baba ba zai taɓa tsallake maganarku ba, kuma ba na so ya tsallake. Shi ya sa gare ku na zo, ba gare shi ba.

Na uku, yadda dokar take a nan. Hajiya, a gidan 'Yar Kunya akwai matan da ba su da wani aiki sai rakiya. A benenmu babu su. Inna tana fita aiki tun kafin gari ya waye, ta dawo ta yi girki, ta sake fita da yamma idan an tashi daga ofisoshi. Tanti Hadiza tana aiki a kantin abincin wata makaranta. Tsohuwa ɗaya da ke wuni a gida ba ta sauka, domin asansar, na'urar hawa bene, ta fi kwana a lalace, mu kuma a hawa na goma sha ɗaya muke. Kafin dokar nan, ni nake raka iyayenmu asibiti da ofisoshin gwamnati, ni nake karanta musu sunayen tashoshin metro. Yanzu an ce su za su raka ni. Da babu mai rakiya, sai dokar ta koma kulle, ko da yake na san ba haka kuka nufa ba.

Tun daga lokacin ban sake zuwa babban ɗakin karatu na cikin birni ba, inda nake zuwa Laraba da Asabar. A gida ɗakinmu ɗaya da ƙannena, teburin cin abinci shi ne na karatu. Idan na gaji nakan tsaya a taga. Daga can ina hango bis ɗin da ke kai mutane tashar metro, ina ganin 'yan ajinmu suna shiga da jakunkunansu. A fim ɗin ma 'Yar Kunya takan tsaya a taga, iyayenmu suna cewa: "Ku dubi natsuwa." Ni da nake kusa da tele ina ganin hannunta yana murza labule. Ban ga natsuwa ba, amma ba a tambaye ni abin da na gani ba, abin da aka faɗa kawai ake tambayata.

Na san tsoronku gaskiya ne. Ina ganin samarin da ke zama a bakin matakala, kuma ina jin labaran da kuke ji. Sai dai labarin fim ɗin ya fi shekara ɗari. 'Yan matan Ingila na yau sun zo lisenmu bara, kowacce da jakarta a baya, sun tsallako teku ba gwaggo ko ɗaya. Da na faɗa wa Tanti Hadiza haka, ta ce ai shi ya sa suka lalace. Amma waɗanda na zauna da su a aji ba lalatattu ba ne, ɗaya ma likita take so ta zama.

Na huɗu, kuma shi ne abin da ya sa na kasa haƙuri. Malamarmu ta tarihi ta sa sunana a wata gasa da ake zaɓar ɗalibai daga unguwanni irin namu a taimaka musu da karatun jami'a. Na yi jarrabawar rubutu a nan Lyon, Allah ya ba ni sa'a. Saura ta baki, kuma a Paris ake yin ta, ranar Laraba ta biyu bayan Sallah. Wuni ɗaya ne, in tafi da safe in dawo da yamma. Karatun kansa a Lyon zan yi, a gidanmu zan riƙa kwana. Inna ta nemi hutun ranar a wurin aiki, an hana ta. Na ce ko in bi Malam Isuhu, Baba ya ce namiji ne, ba muharramina ba. Makaranta tana jiran amsar Baba kafin ƙarshen watan nan. In ba a ba da ita ba, za a ba wanda ke bayana. Malamar ta tambaye ni me ya hana, na ce mata ana shawara a gida. Ban iya ce mata wata tsohuwa mai sanda a cikin tele ce ta hana ni ba.

Na biyar, kaset na ƙarshe. Ƙunshin kuka ya zo sau biyu babu shi a ciki. Da Inna ta tambaya a tarho, kun ce na ƙarshen ba shi da wani amfani, a bar shi. Iyayenmu suna nan suna gardama kan wanda 'Yar Kunya za ta aura, Tanti Hadiza har ta rantse wani mai dogon hanci a cikin samarin ne.

Hajiya, ku yafe mini, na san abin da ke ciki. Ban gani da idona ba. Wata 'yar ajinmu, Sandrine, tana da tashar a gidansu, ita ta ba ni labari ba tare da ta san nauyinsa a wurina ba. Ta ce a ƙarshe 'Yar Kunya ta tafi babban birni koyon aikin malanta. Ta ce Gwaggo Mai Sanda da kanta ta kai ta tashar jirgin ƙasa, ta gyara mata hula, ta danƙa mata ƙunshin abinci, ta tsaya har jirgin ya ɓace. A can kuma wata tsohuwar ƙawarta ce ta tarye ta. Idan Sandrine ta yi kuskure, kaset ɗin zai nuna, ni kuma zan ba da haƙuri a gaban kowa. Idan kuwa haka ne, to an yanke mana hukunci da maganar tsohuwar nan, amma ba a bar ta ta gama magana ba.

Ga abin da nake roƙo, cikin ladabi.

Ku aiko da kaset na ƙarshe tare da Malam Isuhu. Na yi alkawari zan fassara shi kalma da kalma, ba zan rage ba, ba zan ƙara ba, ko da an zo wurin gaisuwa mai tsawo.

Ku sake duba dokar a taro, tare da iyayenmu na Lyon da suka san lokutan aikinsu. Ko a bar mu mu riƙa zuwa ɗakin karatu mu biyu ko uku, mu dawo kafin magariba.

Na ƙarshe shi ne mafi girma. Jirgin safe daga Lyon ba ya tsayawa ko'ina sai Paris. Tanti Hadiza ta ce in kun yarda, za ta saka ni ciki kafin ta wuce aiki, ta damƙa ni ga mai duba tikiti. Ku kuma, Hajiya, ku tarye ni a tasha, kamar yadda kuka taɓa taryar Inna. Ba na neman in fita ba rakiya. Ku nake roƙo ku zama rakiyata. Kalma ɗaya daga gare ku a tarho ta ishi Baba.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri kan abin da kuka yi wa iyayenmu a ƙasar da ba tamu ba, ya sa ku ga alheri a kan 'ya'yanku da jikokinku. In na faɗi abin da ya wuce matsayina, ku ɗauke shi ƙuruciya, kada ku ga laifin Inna, ba za ta san na rubuta ba sai ranar da za a karanta.

Ina kuma neman izininku in sake rubuto muku bayan Sallah. In kun yarda na je, in gaya muku tambayoyin da aka yi mini da yadda na amsa. In ba ku yarda ba, in rubuto in gaishe ku kawai, domin ranar Larabar ina gida, kusa da taga.

Wassalam.

'Yarku,
Balkisa
Minguettes, Vénissieux