Kujerata a Motar Solène

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Baba, ya fara takawa? Ki gaida Gwaggo Lurdes.

Ki daina cewa kaɗaici zai kashe ni a Bordeaux. Ƙawayena na wurin aiki suna fita da ni duk Asabar. Makon jiya muka je bakin teku a Arcachon a motar ɗayarsu, Solène, ni na dafa guzuri kamar kullum. Can ta haɗu da tsohon saurayinta, ta ce lallai ya bi mu gonakin inabi inda ake ɗanɗana giya. Mota kuwa a cike take.

Ta dube ni ta ce, "Idalina, ke ai ba kya shan giya, me za ki je yi? Ga tashar jirgin ƙasa can."

Ƙawarta Capucine ta ce, "Amma bar mana kwandon abincin, yunwa muke ji." Suka yi dariya, ni ma na taya su.

Jirgin ba laifi, har kujerar taga na samu. Don Allah ki aiko min da rigar sanyina.

Sun ce in shirya Asabar mai zuwa, kuma na amsa. Ban san kowa ba sai su.

Allah ya bar min ke.

'Yarki,
Idalina