Sandar Turumba da Taɓaryar Mero

Wad Madani, ran Talata

Zuwa ga Yayana Abdussalami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Iya da duk mutanen Mai Wurno.

Ƙarfen da ka ba direba Saifuddeen ya iso. Na san shi kaɗai ya rage muku, na kuma san idan ban fitar da sabuwar sandar turumba, famfon ban-ruwanku, a cikinsa ba, albasarku ba za ta kai mako ba ruwa ba.

Ga inda matsalar take. Wannan aikin makharata ne, injin da ke juya ƙarfe yana fere shi, ita kuwa an wawushe ta lokacin yaƙi. Abin da ya rage a warshar, wato ma'aikatarmu, shi ne injin sassaƙa mai kwamfuta, saboda nauyinsa ya fi ƙarfin ɓarayi. Yana da wani kai da muke kira na huɗu, mai riƙe ƙarfe ya juya shi. Amma ɗan banzan ya saba ya juya kaɗan ya tsaya. In ya cika zagaye ɗaya sai ya komo da baya, kamar wanda ya manta takalminsa a masallaci. Ni kuwa so nake ya yi ta juyawa ba tsayawa.

Gaskiya tsoro nake ji. Ku taya ni da addu'a.

Ƙanenka, Bilyamin

Wad Madani, ran Lahadi

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Iya. Ya ƙafarta?

Saifuddeen ya ce da idonsa ya ga ruwa ya hau kwalbati, Iya ta naɗe zane ta shiga ciki. Alhamdulillahi.

Yanzu zan iya gaya maka abin da na ɓoye. Tun ranar farko na yi gaggawa na ɗaura ƙarfenka, kan injin ya komo da baya wuƙar sassaƙa na ciki, ya yage bakinsa. Na yanke wurin, na auna saura: daidai tsawon sandar, ko faɗin yatsa bai ƙaru ba.

Daga nan na rantse ba zan sake gwaji a kansa ba. Na nemi abu dogo mai kauri irinsa, ban samu ba sai taɓaryar matata Mero. A kanta na gane laifina. Ina ta ce wa injin ya je wuri kaza, shi kuwa wuri kaza a bayansa yake. Na cire iyakar da aka sa masa, na ce ya ƙara zagaye ɗari daga inda yake tsaye. Sai ga shi yana tafiya sumul kamar raƙumin da ke zagaya turmin matsar riɗi. Sannan na mayar da ƙarfenka, sandar ta fito daidai. Taɓaryar ta koma sanda, Mero ta yi kwana biyu ba ta ce mini ci kanka ba.

Shekara tara ke nan da na bar muku gona, kuma kullum ina jin kunyar cin albasar da kuke aiko mini. Bana ka cika buhun, Yaya. Zan ci ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Wassalam, naka,
Bilyamin